SULUSIN ABINCI: ME ZA A ZUBA A CIKINSA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya rataya rayuwarsa ga ci da sha, sa'an nan Ya hore masa ƙasa tana fitar da hatsi da ganye da 'ya'yan itatuwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, filin wannan mako zai duba wata al'ada da ta bazu cikin birane, musamman tsakanin ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa masu yawan zama wuri ɗaya, watau ƙidayar abinci. Magidanci zai je asibiti a auna shi, likita ya ce masa ƙiba ta yi yawa, ko jininsa ya hau, ko kuwa ciwon sukari ya fara leƙowa. Sai ya komo gida hankali tashe, ya shiga lissafin abin da likitoci ke kira kalori. Kalori kuwa awo ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda a ke auna man fitila da kwalba. Namiji baligi mai matsakaicin aiki yana bukatar kimanin kalori 2,500 a yini, mace kuwa kimanin 2,000. Manomi da ɗan dako suna bukatar fiye da haka. Abin da ya haura bukata, jiki ya kan mai da shi kitse ya ajiye.

To, shin wannan ƙidaya tana da gurbi a cikin addini? In kuwa tana da shi, ta wadatar ita kaɗai?

ASALIN AWO A CIKIN SHARI'A

A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya halatta wa 'yan Adam ci da sha, kuma a cikin ayar nan ɗaya Ya hana su ƙetare iyaka, Ya bayyana cewa ba Ya son masu ɓarna. Malaman tafsiri sun ce ɓarna a nan ta haɗa da cin haram, da haramta wa kai abin da Allah Ya halatta, da kuma cin abin da ya wuce bukata. Sa'an nan ga hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa ciki shi ne mafi munin mazubin da ɗan Adam ke cikawa. Ya ce 'yan lomomin da za su tsai da mutum bisa ƙafafunsa sun ishe shi. In kuwa ba makawa sai ya ƙara, to ya raba cikinsa uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Wannan rabo awo ne, kuma wanda ya auna abincinsa domin ya kiyaye lafiyarsa bai zo da wani baƙon abu ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, daidai da 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumiddini cewa mai neman tarbiyyar ransa yana da ayyuka huɗu game da cikinsa. Na farko kada ya ci sai halal. Sauran ukun su ne ya ƙayyade yawan abincin, ya ƙayyade lokacin cinsa, ya kuma zaɓi irin abin da zai ci. Har ma ya kawo lissafi. Ya ce wanda ya saba cin gurasa biyu a yini, kuma yana so ya koma ɗaya, kada ya yanke farat ɗaya, sai ya riƙa rage kimanin kashi ɗaya cikin 30 na gurasa kullum, wata guda yana cika ya kai ga muradinsa ba tare da jikinsa ya jigata ba.

Mai karatu zai lura cewa ƙidayar kalori ta ɗauki ɗaya ne tak daga cikin ayyukan nan huɗu, watau yawa. Nan ne kuwa da yawa daga masu ƙidaya ke tuntuɓe. Sun tsare girman sulusin, amma ba su damu da abin da ke shiga cikinsa ba.

AKUSHI BIYU, AWO ƊAYA

Allah Maɗaukakin Sarki, a cikin Suratul Baƙara aya ta 168, Ya haɗa sifofi biyu ga abin da za a ci, ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. A cikin Suratu Abasa, daga aya ta 24 zuwa ta 32, Ya umurci mutum ya dubi abincinsa, sa'an nan Ya jera hatsi da inabi da ganye da zaitun da dabino da 'ya'yan itatuwa. Su ma samarin nan na Suratul Kahafi, da suka farka daga dogon barcinsu da yunwa, wanda suka aika birni ba su ce ya sayo mafi yawa ba, sun ce ya duba mafi tsarkin abinci.

Ga misali daga abin da kowa ya sani. A ɗauki akushi biyu. A zuba dafaffiyar farar shinkafa zalla giram 400 a na farko. A na biyu a zuba shinkafa giram 200 da dafaffen wake giram 200, watau garau-garau ke nan kafin a sa mai da yaji. In an lissafa, kowane akushi yana da kalori kimanin 500. Mai ƙidaya zai ce duk ɗaya ne. Amma akushin farko yana da abin gina jiki, wanda a ke kira furotin, kimanin giram 11 kawai, na biyun kuwa ya haura giram 20. Haka kuma abin da likitoci ke kira faiba, watau dusa da zare-zaren da ke cikin hatsi da wake da ganye, a akushin farko bai kai giram 2 ba, a na biyu ya kusa giram 14. Wanda ya ci na farko, kafin la'asar yunwa ta sake kama shi, ya shiga neman abin taɓawa. Wanda ya ci na biyu zai daɗe bai waiwayi abinci ba.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata mai ƙidaya ya riƙe. Giram ɗaya na furotin, ko na sitaci da sukari, yana ba da kalori 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Saboda haka wanda ke son ragewa, ya fara da ludayin mai da kwalbar lemon zaƙi, kafin ya taɓa wake da kifi da ganye.

ABINCIN DA KE GINA JIKI

Kuskure na farko da masu rage abinci ke yi shi ne su yanke nama da ƙwai da wake gaba ɗaya, su koma shayi da burodi ko kunu zalla, suna zaton sun yi gudun duniya. Jiki kuwa da furotin ya ke gina tsoka da fata, da shi ya ke gyara abin da ya lalace. In bai samu daga abinci ba, sai ya juya ya riƙa cin tsokarsa. Mutum zai ga nauyinsa ya ragu a ma'auni ya yi murna, alhali ƙarfinsa ne ke zubewa, har tsayuwar salla ta fara yi masa nauyi.

Masana sun ƙiyasta cewa baligi mai lafiya yana bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai nauyin kilo 70 ke nan yana bukatar kimanin giram 56. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Busasshen wake kusan rubu'in nauyinsa furotin ne, haka ma gyaɗa, sai dai ita gyaɗa kusan rabinta mai ne, don haka ƙuli-ƙulin da aka matse ya fi dacewa da mai ƙidaya a kan gyaɗa cike da tafi. Ga nono da kindirmo, ga awara, ga gurjiya, ga busasshen kifi. Wanda ke shakkar illar rashin furotin ya tuna da cutar kwashiyoko, wadda likita Cicely Williams ta yi bayaninta a shekarun 1930 a ƙasar da a yau a ke kira Ghana. Ta gan ta ne ga yaran da aka yaye aka bar su da kokon masara kawai. Cikinsu a cike, jikinsu yana kumburi yana lalacewa.

Sunna ba ta goyi bayan ƙauracewa irin wannan abinci ba. Imam Muslim ya ruwaito labarin waɗansu sahabbai da suka ƙudura wa kansu tsanani, ɗaya daga cikinsu ya ce ba zai ƙara cin nama ba, sai Manzon Allah ya yi inkarin haka, ya nuna cewa wannan ba tafarkinsa ba ne. An kuma ruwaito cewa yana son naman ƙafar gaba ta tunkiya, kuma ya yabi nono. A ɗaya ɓangaren, Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi kashedi game da yawan cin nama, domin yana da sabo irin na giya. Hanya ke nan ta tsakiya. Ba a bari, ba a kuma mai da shi abin kullum safe da yamma.

DUSAR DA A KE BA AWAKI

Imam Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Sahalu ɗan Sa'ad, Allah Ya ƙara masa yarda, ko Manzon Allah ya taɓa cin gurasar tataccen gari. Ya amsa cewa bai taɓa ganinta ba tun da aka aiko shi har ya koma ga Ubangijinsa, kuma a zamanin ba su da rariya. Da aka ce to yaya su ke cin sha'ir ba tankaɗe, sai ya ce su kan niƙa shi su hura, abin da ya tashi ya tashi, sauran su kwaɓa su ci.

Wannan hadisi ya zo ne domin nuna irin ƙanƙantar abin duniya a gidan Annabi, kuma ba ya haramta tankaɗe. Amma akwai abin lura a cikinsa. Gurasar da aka ci a Madina tana tare da mafi yawan dusarta. A gidaje da yawa a yau kuwa, ana surfa dawa da masara har su yi fari fat, a niƙa, a tankaɗe, a kwashe dusar a zuba wa awaki. Akuya ta samu rabon da hanjin maigida ke bukata.

Faiba ba ta narkewa a ciki, kuma wannan shi ne amfaninta. Tana cika ciki ba tare da ta ƙara kalori mai yawa ba. Tana jinkirta shigar sukari cikin jini. Tana riƙe ruwa a hanji ta tausasa bayan gida, ta rage yunƙurin da ke jawo basir. Cutar basir kuwa tsohuwar damuwa ce a ƙasar Hausa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu a kan maganinta. Wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya ja hankalin duniya a farkon shekarun 1970 cewa mutanen karkarar Afirka masu cin hatsi da dusarsa da wake da ganye ba su cika fama da waɗansu cututtukan hanji da suka addabi Turawa ba. Abin mamaki, abincin da ya yaba shi ne 'yan birni suka koma rainawa suna kira na ƙauye.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba a yini, tare da ganye da 'ya'yan itatuwa aƙalla giram 400. Wannan bai fi ƙarfin talaka ba. Ga kwaɗon zogale da na rama, ga miyar kuka da kuɓewa da lalo, ga fate mai yakuwa da alayyafo, ga kabewa. Anas ɗan Malik ya ba da labarin yadda ya ga Manzon Allah yana tsintar yankakken duma a gefen akushi, kuma daga ran nan shi ma ya kamu da son sa. Ga gwaiba da gwanda da goruba. Sai dai wanda bai saba ba ya ƙara sannu a hankali, ya kuma yawaita shan ruwa, don kada ciki ya kumbura. Sulusin abin sha ke nan ya zo ya taimaki sulusin abinci.

GISHIRI, WANDA BA YA SHIGA LISSAFI

Abu na uku shi ne ya fi ɓuya. Gishiri ba shi da kalori ko ɗaya, saboda haka mai ƙidaya ba ya ganinsa a lissafinsa. Ga shi kuma idan aka rage mai a miya ɗanɗano ya ragu, sai uwargida ta ƙara gishiri da dunƙulen magi domin ta mai da shi. Idan maigida ya tafi neman furotin, sai ya faɗa wa kilishi da tsire mai yaji da kifin gwangwani, waɗanda duk cike su ke da gishiri. Ya gudu daga ƙiba, ya faɗa hannun hawan jini.

Abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri sinadari ne mai suna sodiyam, wanda ya kai kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri. Idan ya yi yawa, jiki ya kan tara ruwa, jijiyoyi su cika, zuciya ta riƙa bugu da ƙarfi, ƙoda ta wahala. Ƙarshen wannan hanya shi ne shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko mutuwar ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin burodi da taliyar leda da yaji da dunƙule. Shi dunƙule kusan rabin nauyinsa gishiri ne. A cikin rahotonta na 2023 hukumar ta ce mutane kimanin biliyan 1.3 ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Wanda ke duba rubutun jikin gwangwani ya sani cewa giram 1 na sodiyam daidai ya ke da giram 2.5 na gishiri.

A da, lokacin da ayarin raƙuma ke ɗauko gishiri daga Bilma su ratsa hamada kafin ya iso kasuwannin Hausa, tsadarsa ita ke tsare mutane daga yawan cinsa. Yanzu da ya yi araha, ba abin da zai tsare mutum sai hankalinsa. Haka kuma kanwa, wadda a ke jefawa cikin wake da ɗanwake da miya, ita ma tana ɗauke da sodiyam mai yawa. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi bincike kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, kuma yawan shan kunun kanwa lokacin jego yana cikin abubuwan da suka zarga. Wake in an jiƙa shi tun dare zai nuna ba tare da kanwa mai yawa ba.

A nan wajibi ne a yi gyara game da wata magana da ke yawo a bakin jama'a, cewa wai Annabi ya yi umurni a fara cin abinci da gishiri a kuma rufe da shi, domin yana maganin cuta 70. Malaman hadisi ba su inganta wannan ba, Ibnul Jauzi ma ya sanya shi cikin hadisan ƙarya. Bai halatta mai hawan jini ya saɓa wa likita yana fakewa da shi ba. Gishiri halal ne, kuma jiki yana bukatar kaɗan daga gare shi, musamman mai sinadarin aidin da ke hana maƙoƙo. Amma Allah Ya hana mutum ya jefa kansa cikin halaka da hannunsa, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 195. Albasa da tafarnuwa da citta da tsamiya da daddawa za su ɗaga miya. Harshe kuma mai saurin sabo ne, in aka rage a hankali, cikin 'yan makonni zai daina nema.

NAUYIN DA KE KAN MASU GIDA

Maigida shi ke cefane, uwargida ita ke riƙe da ludayi, kuma kowannensu makiyayi ne da za a tambaye shi game da abin kiwonsa. Tukunya ɗaya ce ke ciyar da tsoho mai hawan jini da yaro mai tasowa. Yaron da ya tashi da harshen da ya saba da gishiri mai yawa, da shi zai tsufa. Ya kamata miji da mata su zauna su yi shawara cikin mutunci. Kada miji ya zargi girki alhali shi ne ke ƙorafi in ya ji salam, kada kuma mace ta ɗauki rage dunƙule a matsayin raini ga iyawarta.

Haka kuma ƙidaya ba ta kowa ba ce. Yara da masu juna biyu da masu shayarwa ba a rage musu abinci sai da umurnin likita. Mai ciwon ƙoda yana da nasa awon furotin dabam. Mai ciwon sukari da ke shan magani, in ya rage abinci da ka, sukarinsa na iya faɗuwa ya suma. Wanda kuma ƙidaya ta zame masa waswasi, har ya kasa amsa gayyatar ɗan'uwansa ko cin abinci tare da iyalinsa, to ya fita daga wata ɓarna ya shiga wata. Manzon Allah ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Daga ƙarshe, mai ƙidaya ya tuna cewa a unguwarsa akwai masu ƙidayar da ba likita ne ya sa su ba, rashi ne. Su loma su ke ƙirgawa domin ta isa yara. Ya tabbata a cikin hadisi cewa abincin mutum biyu yana isar uku, na uku kuma yana isar huɗu. Mudun shinkafar da maigida ya rage saboda lafiyarsa, in ya miƙa wa maƙwabci, ya samu riba biyu, sauƙin jiki a duniya da lada a lahira. In ya gyara niyyarsa, ya nufi ƙarfin tsayuwa ga salla da azumi da neman halal, to awon abincinsa kansa ya zama ibada. Ayar ƙarshe ta Suratut Takasur ta tabbatar da cewa za a yi tambaya game da ni'ima, lafiya da abinci kuwa suna cikin manyan ni'imomi.

Allah Ya sa a dace, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya wadata mabukata, Ya sanya albarka cikin abin da a ke ci da abin da a ke sha. Amin.